Hadda ko fahimta: wace hanya za ka bi ka ci jarabawar lasisin rediyon 'yan sha'awa?

Duk wanda ya shigo gidana ya ga eriya ɗaure a baranda da 'yar oba-oba a kan tebur sai ya tambaya, to in na gama bayanin cewa wannan ita ce ham rediyo, wato rediyon 'yan sha'awa da mutum ke magana da wasu ba layin waya ba intanet, kuma a nan Amurka sai da lasisin hukumar sadarwa ta ƙasa, FCC, sai tambaya ta biyu ta biyo baya: jarabawar da wuya? An ce wai duk tambayoyin suna nan a fili, in haddace kawai in je in zuba, ko sai na zauna na koyi lantarki tun daga tushe? Ni na bi ta farko kafin na dawo na gauraya ta da ta biyu, shi ya sa nake son in shimfiɗa maganar yadda take don wanda ke tsaka mai wuya ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Bari mu fara da yadda jarabawar take, don in ba ka san wannan ba ba za ka gane me ya sa hadda take aiki ba. Mataki uku ne: Technician, General, sai Amateur Extra. Na farko tambaya 35, ka ci 26 ka wuce. Na biyu ma haka. Na uku tambaya 50, ana son 37. Duk zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu ne, babu rubutu babu gwajin hannu, gwajin Morse ma, wato aika saƙo da gajeru da dogayen ƙara, an cire shi tun Fabrairun 2007. Ba FCC ce ke zaunar da kai ba, 'yan sa-kai ne masu lasisi, mutum uku ke sa ido a kanka, kuma tun 2020 ana iya yi daga gida ta bidiyo. Babban abin shi ne rumbun tambayoyin a buɗe yake da amsoshinsa, halal ne ka karanta, ba satar amsa ba ce. Na Technician tambaya 400 da 'yan kai ne, an kasa su rukuni 35, kowane rukuni a ciro ɗaya, kalma da kalma kamar yadda ka gani a gida, illa dai za a iya juya jerin amsoshin. Kowane rumbu shekara huɗu yake yi a sake shi a farkon Yuli: na Technician 2018, 2022, 2026, na General 2023 zuwa 2027, na Extra 2024 zuwa 2028. Wanda ya taɓa zama da tsofaffin tambayoyin JAMB ya san irin wannan karatu, bambancin kawai a nan an tabbatar maka su ɗin ne za su fito.

Abu huɗu zan auna kowace hanya da su. Nawa za ta ci maka. Yaya sauƙinta da tsawon lokacinta. Me zai rage a kanka bayan wata shida. Sai kuma haɗari, ba na faɗuwa jarabawa kaɗai ba, har da na kayanka da jikinka da karya doka. Akwai kuɗin da babu makawa ko wace hanya ka bi: FCC na karɓar dala 35 tun Afrilun 2022, masu shirya jarabawa na ARRL, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, na karɓar dala 15, wasu kamar Laurel VEC ba sa karɓar ko sisi. Lasisin shekara 10 yake yi. Wannan mu ajiye shi gefe tunda kowa zai biya.

Hanya ta farko, hadda zalla

Kuɗi: kusan babu. Shafin bitar tambayoyi na HamStudy kyauta ne a burauza, rumbun ma kyauta ake sauke shi. Sauƙi kuwa ba a magana, in ka ba shi awa ɗaya kullum bayan isha'i cikin sati ɗaya zuwa biyu za ka ga kana cin gwaji, har akwai ƙungiyoyin da ke yin ajin yini ɗaya, a karanta tambaya da amsar daidai tun safe, da yamma a zauna jarabawa. Dabarar da ake koya wa mutum ita ce kar ma ya kalli amsoshin da ba daidai ba, idonsa ya saba da ta daidai kaɗai, in ya gan ta cikin huɗu sai ta yi masa kama da fuskar da ya sani. Kuma tana aiki, gaskiya tana aiki. Mu da muka taso da allo hadda ba baƙuwarmu ba ce, tambaya 400 ba komai ba ce a wajen wanda ya saba da tilawa. Ni a kwana tara na shirya, na ci 33 cikin 35.

Kuma kar wani ya raina hadda gaba ɗaya, don akwai ɓangaren jarabawar da ba shi da wata hanya sai ita. Zangon mita 2, ɗaya daga cikin zangunan da aka ware wa 'yan sha'awa, daga 144 zuwa 148 MHz yake, wannan ba abin da za ka zauna ka yi tunani ka gano ba ne, hukuma ce ta yanka. Faɗin lambar kiranka, wato lambar shaida da ake ba ka tare da lasisi, duk minti 10 da kuma ƙarshen hira, haramcin kasuwanci da sa kiɗa da ɓoye saƙo, iyakar ƙarfi wat 1500, duk doka ce, a haddace ta kawai. Wani abu ma da ya shafe mu: kana iya hirarka da Hausa son ranka a iska, amma lambar kira dole da Turanci za ka faɗe ta. A rumbun da na zauna, doka ita kaɗai tambaya 6 ce cikin 35.

Inda take da rauni shi ne ɗorewa. Hadda da ba a tilawarta zubewa take yi, kowa ya san wannan, kuma wa zai koma yana bitar tambayoyin jarabawar da ya riga ya ci? Abin da ya fi damuna ma ba mantuwar ba ce. Ranar da lambar kirana ta fito a kundin masu lasisi na FCC na ɗauko 'yar oba-obata ƙirar Baofeng da na saya ƙasa da dala 40, na sa lambar rifitar garinmu, wato tashar nan da ake kafawa kan dogon bene ko tsauni tana karɓar siginarka mai rauni tana sake watsa ta da ƙarfi. Ina jin mutane suna hira raɗau kamar suna falona. Na danna na faɗi lambata, shiru. Na sake, shiru. Dare uku ina haka, har na fara tunanin ko ba sa son baƙo ne, raina ya ɓaci sosai. Ashe ba wanda ya ji ni. Rifita a wata mita take saurare a wata take magana, tazarar 600 kHz ce a zangon mita 2, ni kuwa ina magana a inda take magana. Bayan haka akwai wani ɗan sauti da kunne ba ya kamawa sosai, CTCSS, wanda in rediyonka bai aika shi ba rifitar ba za ta buɗe maka ƙofa ba. Tambayoyin nan biyu duk suna cikin rumbun, na san amsarsu, 600 ɗin tana kaina daram, amma ban san tana nufin in shiga cikin saitin rediyo in canza wani abu ba. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, lasisi a aljihu rediyo a durowa.

Haɗari: faɗuwa jarabawar farko kaɗan ne, sai dai in ka haddace tsohon rumbu bayan an sake shi, don haka duba kwanan wata kafin ka fara. Amma lissafa da kanka, an yarda ka faɗi tambaya 9, ɓangaren kariya daga haɗari kuma tambaya 3 ne kacal. Ma'ana mutum zai iya faɗuwa dukkansu a ba shi lasisin da ya halatta masa hawa rufi ya kafa ƙarfe kusa da wayar wuta.

Hanya ta biyu, fahimta daga tushe

Nan za ka sayi littafi, na ARRL dala 30 da wani abu ne, ka ƙara da 'yar mitar awon wuta ta dala 20, da waya da dalma in kana son haɗa abu da hannunka. Kulob-kulob da yawa suna yin aji na makonni kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Tsadarta ta gaske lokaci ne: wata ɗaya zuwa uku, ya danganta da abin da ka taho da shi daga sakandare. Kuma akwai gajiya, babu amfanin ɓoyewa. Wanda ke aikin dare ko tuƙi awa goma zai buɗe babin kafasita ya ga idonsa na rufewa. Wasu a nan suke karaya su bar abin gaba ɗaya, ko jarabawar ba su je ba, wannan shi ne babban haɗarin hanyar nan kuma na ga ya faru da mutum biyu da muka fara tare.

Amma bari in nuna abin da take sayo maka, don nan ne zuciyar maganar.

Ka tuna yadda ake sanarwa a sashen Hausa na BBC ko Muryar Jamus, a kan mita 16 da 19, ko mita 25 da 31? Iyayenmu sun haddace lambobin nan, kuma sun lura da rana wata mita ta fi fita da dare wata. To wannan mitar tsawon igiyar siginar ce, ka raba 300 da firikwensi a MHz ka same ta: 300 a raba da 9.6 ya ba ka 31, 300 a raba da 146 ya ba ka 2 da ɗan kai, shi ya sa ake cewa zangon mita 2. In ka riƙe wannan ɗaya tal, tambayoyi da dama a rumbun sun zama tambaya ɗaya, kuma ka samu abin yanka eriya. Eriya mai hannu biyu tsawonta rabin igiya ne a ɗan rage, 143 a raba da firikwensi. Kana son 14.2 MHz? Mita 10 na waya, biyar dama biyar hagu. Kana son 7.1? Mita 20. Mai hadda ya san amsar zangon da aka tambaya a rumbu kaɗai, ranar da ya so wani zango sai ya nemi wanda zai faɗa masa ko ya sayi ta kanti da tsada. Dalilin da ya sa mita 31 ta fi fita da dare kuwa, wani ɓangare ne na sararin sama da rana ke cajawa, da rana sashensa na ƙasa yana shanye ƙananan firikwensi, rana na faɗuwa sai ya saki su tafi su dawo ƙasa nesa. Wanda ya gane wannan ya san lokacin da zai kunna rediyo in yana fatan jin tasha mai lambar da ta fara da 5N ta Najeriya ko 5U ta Nijar ko 9G ta Gana, ba zai zauna yana murɗawa a banza ba.

Ga dB ma, ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin sigina. A rumbu an tambaya daga wat 5 zuwa 10 nawa ne, amsa 3 dB, ka haddace ka wuce. Amma in ka gane duk 3 dB ninki ne ko rabi, ranar da za ka sayi wayar da ke haɗa rediyo da eriya za ka duba ka ga siririyar nan RG-58 tana cin 5 zuwa 6 dB a ƙafa 100 a zangon mita 2, wato ka tura wat 50 abin da zai isa sama bai wuce wajen 15 ba, sauran ya tafi a ɗumama waya. Kuɗin littafin nan take ya fita.

Ta fuskar doka ma fahimta na da aiki, abin da ban zata ba da farko. Mai General ya haddace cewa zangon mita 20 ya ƙare a 14.350 MHz. Sai ya sa rediyonsa a 14.349 ya ce ai ina ciki. Alhali muryarsa a USB, salon aika murya da ake amfani da shi a zangon nan, faɗinta kusan 3 kHz ne kuma sama take bazuwa daga lambar da ke kan gilashi, ya riga ya tsallake iyaka bai sani ba, bai kamata ya wuce 14.347 ba. Lambar hadda ce, sanin inda za ka tsaya fahimta ce.

Sai batun jiki. Rediyo mai wat 100 tana jan wajen amfiya 20 daga batir, ka sa mata siririyar waya ko ka maye fis ɗin da ya ƙone da wanda ya fi shi girma, gobara kake nema a mota. Kafasitocin cikin na'urar ƙara ƙarfi suna riƙe wuta bayan an zare soket, wutar da take kisa. Sandar eriya ana so ko faɗuwa ta yi kar ta zo ƙafa 10 kusa da wayar wuta. Kuma FCC ta ɗora wa kowane mai lasisi nauyin tabbatar da siginarsa ba ta wuce iyaka a jikin iyalinsa da maƙwabta ba. Waɗannan ba na son kowa ya san su a matsayin amsar B ko C.

Ɗorewa kuwa ita ce ƙarfinta. Abin da ka koya a Technician shi za ka taka ka hau General, inda ake buɗe maka gajeren zango sosai, shi kuma ka taka ka hau Extra mai tambaya wajen 600 cike da lissafi. Mai hadda kowane mataki daga sifili yake farawa.

Hanya ta uku, gauraye

Ita ce wadda wani dattijo a kulob ɗinmu ya ɗora ni a kai bayan wancan dare uku, irinsu ake kira Elmer, tsohon hannu mai jan sabo a jiki. Ya karɓi rediyon, bai saita min ba, ya zana akwati a takarda da kibiya biyu ɗaya shiga ɗaya fita, ya miƙo min ya ce in saita da kaina. Minti goma na ji rifitar ta amsa min da ɗan ƙaran nan nata. Tsarin shi ne ka raba rumbun gida biyu. Doka da iyakokin zango da gajerun kalmomi irin su CQ (kiran duk mai saurare) da QSY (canza mita), haddace su ba tare da jin kunya ba. Lantarki, eriya, tafiyar sigina da kariya, karanta babin tukuna ka yi lissafin da biro, sannan ka buɗe tambayoyin a matsayin gwaji. Duk wadda ka ci amma ba za ka iya faɗin dalili ba, ɗauke ta kamar ka faɗi. Ka kuma sayi 'yar rediyon tun kafin jarabawa, saurare ba ya buƙatar lasisi, dannawa ka yi magana ne haramun. Sati uku zuwa biyar ya isa, kuɗi, ban da na rediyon, littafi kawai ko ma aro a laburare. Rauninta ɗaya, tana son ka yi wa kanka gaskiya, don da zarar ka ga kana cin 90 cikin 100 a gwaji zuciya za ta ce ai shi ke nan, rufe littafin.

| Ma'auni | Hadda zalla | Fahimta daga tushe | Gauraye |
|---|---|---|---|
| Kuɗin shiri | kusan babu | dala 50 zuwa sama | kuɗin littafi |
| Lokaci | sati 1 zuwa 2 | wata 1 zuwa 3 | sati 3 zuwa 5 |
| Sauƙi | mai sauƙi sosai | akwai gajiya | daidai gwargwado |
| Bayan wata shida | kaɗan ke ragewa | yana nan | mafi yawa yana nan |
| Hawa General da Extra | sabon aiki kowane karo | tsani ne | tsani ne |
| Babban haɗari | kuskure a kaya, jiki da doka | karaya kafin jarabawa | zamewa zuwa hadda |

Lokutan da ke teburin nan ƙiyasina ne daga abin da na gani a kaina da waɗanda muka yi tare, wani zai fi haka sauri.

Duk wannan fa maganar Amurka ce. Wanda ke Ingila kar ya ɗauki shawarar hadda, can ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta RSGB ce ke shirya jarabawa hukumar sadarwa ta Ofcom ta ba da lasisi, kuma ba sa fitar da rumbun tambayoyinsu, manhaja da tambayoyin gwaji kawai za ka samu. Matakin farko Foundation tambaya 26 ne ana son 19, kuma ba ka san da wace fuska tambayar za ta zo ba, dole ka san abin. Sannan lasisin Amurka ba ya ba ka damar zuwa Kano ko Damagaram ka kunna ka fara magana, kowace ƙasa da hukumarta da izininta, a nema kafin a sa rediyo a jaka.

To wa ya dace da wacce? In kai abin da kake so oba-oba ce a mota ko ta ko-ta-kwana saboda guguwa da ɗaukewar layi, ko kuna aikin sa-kai ana buƙatar lasisin nan da sati biyu, yi haddarka ka wuce, amma da sharaɗi biyu: ɓangaren kariya ka karanta shi da gaske, kuma ka samu kulob ko wani tsohon hannu tun kafin lambarka ta fito. In kai mai gyaran rediyo ne ko waya ko ka karanta injiniyan lantarki, fahimtar kana da ita tuni, doka ce kawai ta rage maka, haddace ta, ka ma karanta General tare don in ka ci Technician ana barinka ka zauna na gaba a zama ɗaya. In burinka gajeren zango ne, ka ji muryarka ta tsallake teku, ko ka haɗa eriya da na'ura da hannunka, ko yaro ne ɗan sakandare kake son ya so kimiyya, bi ta tushe ko da za ta kai wata uku, ka sa ranar jarabawa a kalanda tun yau don kar ka karaya a hanya. In kuwa kai ma'aikaci ne mai iyali, lokacinka awa ɗaya ce da dare, ba ka da tushen lantarki kuma kana son rediyon ta yi aiki ranar farko, gauraye ce taka: doka a waya lokacin hutun aiki, babi ɗaya da biro a ƙarshen mako, 'yar oba-oba a kunne a 146.520 MHz, mitar da ake kiran juna kai tsaye, da rifitar garinku kana jin yadda ake kira da yadda ake sallama.